Ciwon Baya Da Ya Ƙi Tafiya: Matakan Da Za Ka Bi Ɗaya Bayan Ɗaya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu a Argungu, Jega, Bunza, Yauri har Zuru: bayana ya daɗe yana ciwo, na sha magani har na gaji, yaya zan yi? Cikin masu tambayar akwai manoman fadama, 'yan kabu-kabu, teloli, ma'aikatan ofis, da mata masu yawa da ke fama da daka da goyo da ɗibar ruwa. Amsar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya, shi ya sa na jera ta a nan.

Ciwon da muke magana a kai shi ne na ƙasan baya, daga ƙarshen haƙarƙari zuwa saman ɗuwawu, wanda ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma a kusan 9 cikin 10 ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ita ce. Mafi yawan masu wahala da shi sun fara ne da ƙwaya da neman hoto, alhali akwai abubuwan da ya kamata su riga su. Bi matakan yadda suke a jere.

Mataki na 1: Tantance ko na gaggawa ne

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ajiye karatun nan ka nufi asibiti a ranar, ko da dare ne:

- fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba da saninka ba, ko bayan gida yana kufce maka;
- tsakanin cinyoyi, al'aura da kewayen dubura sun mutu, ba ka jin taɓawar ruwa in kana tsarki;
- ƙafa tana rasa ƙarfi, kana jan ta, silifa yana fita ba ka ji ba;
- ciwon ya tsananta bayan haɗarin babur ko faɗowa daga sama.

Biyun farko suna nuna an danne jijiyoyin da ke can ƙarshen laka, waɗanda ke riƙe fitsari da bayan gida. Sa'o'i ake ƙirgawa a nan. In an makara, lalacewar kan zama ta dindindin. Na san mutanenmu suna jin nauyin faɗin irin wannan, musamman mata da dattawa, amma ku daure ku faɗa wa likita kai tsaye tun a jumlar farko.

Akwai kuma alamun da ba sai cikin dare ba, amma kada mako ya wuce ba a duba su ba. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufar dare, rama ba dalili, tari fiye da mako 2, ko wani ƙullutu da ya fara fitowa a gadon baya: waɗannan suna sa a yi zargin tarin fuka. Mutane da yawa ba su san tarin fuka yana kama ƙashin baya ba, yana cin sa a hankali har ya durƙushe, wani lokaci ba tare da tari ko kaɗan ba. Maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma na ƙashi yakan ɗauki kusan shekara ana sha. Haka nan ciwon da ba ya lafawa ko a kwance, yana tada mutum daga barci kowane dare, musamman ga wanda ya haura shekara 50 ko ya taɓa yin ciwon daji. Masu zama bakin gulbi da masu shiga ruwan fadama, in kun ga jini a fitsari a duba tsargiya. Zafin fitsari da zazzaɓi da ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari sun fi kama da na ƙoda. Makiyayi mai shan madarar da ba a tafasa ba, ko mai taimaka wa saniya haihuwa da hannu, ya faɗa wa likita, domin bakkalen shanu tana kama mutum ta zauna masa a baya. Mai sikila da mai juna biyu da macen da ciwon ke haɗe da ciwon mara ko zubar ruwa mai wari, su ma su fara da asibiti.

In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka samu natsuwa. Ciwonka yana iya zama mai tsanani, amma da wuya ya zama mai haɗari.

Mataki na 2: Rubuta yadda ciwon yake

Sami ƙaramin littafi. Na mako guda, kowace yamma rubuta abu uku: ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, abin da ya tayar da shi, da abin da ya kwantar da shi. A shafin farko rubuta abubuwa uku da ciwon ya hana ka, misali ruku'u, tafiya kasuwa, ko zama kan babur na awa guda. Da su za ka auna ci gaba. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa ya rubuta masa.

Mataki na 3: Ganin likita, da maganar hoto

Fara da babban asibitin da ke kusa da kai. Tafi da littafin, da kwalaye ko ledojin duk magungunan da ka sha, har na gargajiya. Likita zai tambaye ka, ya danna bayan, ya ɗaga ƙafarka a miƙe, ya gwada ƙarfin yatsu da jin taɓawa. Wannan dubawar ta fi hoto faɗa masa gaskiya. In ya ga dalili zai tura ka gwajin fitsari da jini, ko ya tura ka Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da aka fi sani da FMC.

Abu ɗaya da nake so ka roƙa da bakinka: a tura ka sashen gashi, wurin masu fisiyo. Ko zuwa biyu ko uku ka samu, ka koyi motsin da ya dace da jikinka, ka ci gaba a gida.

Hattara: kada ka matsa sai an yi maka hoto. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Hoton MRI kuwa, wanda ake ɗauka da babbar na'ura mai maganaɗisu, yana nunawa, amma kuɗinsa ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa, ga kuɗin mota da kwana. Abin da ya fi wannan, wani nazari da aka wallafa a 2015 ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya samu alamun zaizayar guringuntsi a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Wato takardar hoto tana iya cika da manyan kalmomi alhali ba su ne ke sa ciwon ba. Mutum ya karanta ya tsorata, ya daina motsi, ciwon ya ƙaru. Hoto yana da amfani in akwai alamun mataki na 1, ko ciwo mai sauka ƙafa da ya ƙi sauƙi har ana tunanin tiyata.

Game da kuɗi, jerin da ya fi tsimi shi ne: kati da ganin likita, gwaje-gwajen da ya rubuta, fisiyo, sannan hoto in ya zama dole. Tambayi farashi kafin a yi komai. In kana cikin inshorar KECHEMA ta jiha ko NHIA ta tarayya, tafi da katinka ka tambayi abin da ya ɗauke maka.

Mataki na 4: Tashi daga kwanciya

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, kuma da kyakkyawar niyya ake sa su. Iyali suna cewa kwanta ka huta, kada ka taɓa komai. Kwana ɗaya ko biyu a lokacin tsanani babu laifi. Bayan haka kwanciya tana raunana tsokar da ke riƙe ƙashin baya, gaɓoɓi su ƙage. Injin ban ruwa da aka jingine duk damina, ranar da aka tashi kunna shi ne yake gardama.

Fara da tafiya a ƙasa. Gwada ka ga minti nawa kake yi kafin ciwon ya fara hawa, sai ka rage kaɗan daga nan. In minti 10 ne, yi 8, safe da yamma. Kowane mako ƙara minti 2 ko 3, har ka kai rabin awa, kwana 5 a mako. Bayan sallar asuba ko bayan la'asar ya fi, saboda ranar Kebbi a watan Afrilu ba ta wasa ba ce. Uwar gida, in fita ba ta yiwuwa, zagaya tsakar gida kina duba agogo, lissafin ɗaya ne. A wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2024, waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya bayan sun warke sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo musu, sauran kuwa 112.

Hattara: kada ka biya bashi ranar da ka ji sauƙi. Mutum ya tashi garau ya yi aikin kwana uku a yini ɗaya, sai ya kwanta mako guda. Tsaya kan adadin makon, ko jiki ya ce zai iya fiye.

Mataki na 5: Motsa jiki a kan tabarma

Kayan aikin tabarma ce ko darduma da filo ɗaya. Minti 10 zuwa 15, kullum ko aƙalla sau 4 a mako. Makon farko yi uku na farko kawai.

1. Kwanta rigingine, jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, riƙe ka ƙirga 20, saki. Sau 3 kowace ƙafa.
2. Kana rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, matse ciki ka danna ƙugu ya taɓa tabarma. Ƙirga 5, saki. Sau 10. Kada ka riƙe numfashi.
3. Daga wannan kwanciyar, ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su daidaita, ƙirga 3, sauko a hankali. Sau 8.
4. Durƙusa kan hannaye da gwiwoyi. Tura gadon baya sama, sannan sake shi ya sauko, a hankali, sau 10.
5. A wannan durƙuson, miƙa hannun dama gaba da ƙafar hagu baya, ƙirga 5, sauya. Sau 5 kowane ɓangare. Wannan ya fi wuya, bar shi sai mako na uku.

Yadda za ka gane ko kana kan hanya: ɗan ciwo ko jan tsoka lokacin motsi ba ɓarna ba ne, muddin ya koma yadda yake kafin washegari. In ya kwana ya wuni yana sama, rage adadin zuwa rabi, kada ka daina.

Hattara: in wani motsi yana tura ciwo ƙasa zuwa gwiwa ko tafin ƙafa, ko yana kawo mutuwar ƙafa, bar wannan motsin ka nuna wa mai fisiyo. In kuwa ciwon yana janyewa daga ƙafa yana tattaruwa a ƙugu, alama ce mai kyau.

Sakamako ba ya zuwa a mako ɗaya. Ba wa jiki mako 6 zuwa 12.

Mataki na 6: Gyara yadda kake aiki

Ba zan ce wa manomi ya bar gona ba, don ba zai yiwu ba, kuma ba ya cikin magani. Baya an halicce shi ya lanƙwasa ya ɗauki kaya. Abin da ke gajiyar da shi shi ne daɗewa a hali ɗaya da kaya mai nauyi da aka fizga ba shiri.

A fadama, lokacin dashe, cira ko yankan shinkafa da lauje, kowane minti 20 zuwa 30 miƙe tsaye, sa hannaye a kwankwaso, karkata baya kaɗan sau 5, sannan ka koma. Minti ɗaya ne. Sa a yi maka fartanya mai doguwar ƙota. Buhun shanshara ko na albasa, ku kama ku biyu, ko a raba shi gida biyu, ko a sa a baro. In za ka ɗaga, matso da kayan jikinka, lanƙwasa gwiwa, kuma in za ka juya, juya da ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Hattara: dattijon da ciwonsa ke sauka ƙafafu in ya tsaya ko ya yi tafiya, ya kuma lafa in ya sunkuya ko ya zauna, karkata baya na iya tsananta masa. Shi ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya huta, ya ci gaba.

Mata, aikinku ya fi kowane yawan sunkuyo, kuma ba shi da ranar hutu. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce cif. Ƙananan jarkoki biyu, ɗaya a kowane hannu, sun fi sauƙi ga baya. Ɗaura tsintsiya a jikin sanda ki yi shara a tsaye. Ɗora bahon wanki kan benci ko kifaffen turmi. Yaron da ya iya tafiya a rage masa goyo. Ranar da ciwo ya motsa a kai hatsi inji. Maigida, wannan ɓangaren da kai ake: matarka ba za ta samu sauƙi ba in ba a rage mata wani abu ba na 'yan makonni.

Ɗan kabu-kabu da direba, sauka ka taka ƙasa tsakanin fasinja da fasinja, ka cire walat daga aljihun baya. Tela da ma'aikacin ofis, naɗe tawul ka sa a ƙugu, ka tashi kowane rabin awa.

Sallah kuwa, addini ya riga ya sauƙaƙa: Annabi (SAW) ya umarci Imrana bin Husaini da ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Yi amfani da kujera ranar tsanani ba tare da jin kunya ba, kuma da sauƙi ya samu ka fara komawa ruku'u da sujada a hankali.

Bel ɗin ɗaure ƙugu da ake tallatawa, ajiye kuɗinka. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 sun sa shi cikin abubuwan da ba a ba da shawarar amfani da su ba ga irin wannan ciwo.

Mataki na 7: Magani, da iyakarsa

Aikin magani a nan shi ne ya rage ciwo har ka iya yin mataki na 4 da na 5. Wanda ya fi tasiri shi ne dangin ibuprofen da diclofenac, na 'yan kwanaki, bayan cin abinci, da ruwa mai yawa. Babban mutum da ke sayen ibuprofen da kansa kada ya wuce miligiram 400 sau 3 a rana, kuma in ya kai mako yana buƙata ya koma wurin likita. Na shafawa ya fi sauƙi ga ciki. Farasitamol shi kaɗai ba ya yi wa ciwon baya sosai, amma ya fi aminci. Kada a wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini.

Hattara: mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini, ciwon zuciya ko asma, da mai juna biyu, kada su sha dangin ibuprofen sai da izinin likita. Kada a haɗa biyu daga dangin a lokaci ɗaya. Kada a sha su ciki wayam a shiga rana ana zufa, ƙoda ce ke biya. Da azumi a sha bayan buɗa baki. In bayan gida ya koma baƙi ƙirin ko aka yi aman jini, a daina a tafi asibiti nan take.

Haɗin da ake ƙullowa a leda, ƙwayoyi huɗu ko biyar ba suna, shi ne ya fi tayar mini da hankali. Sau da yawa a ciki akwai masu kashe zafi biyu daga dangi ɗaya, da dexamethasone ko prednisolone, magungunan rage kumburi masu ƙarfi. Ciwo zai lafa a daren, shi ya sa ake komawa. Bayan watanni sai kumburin fuska, hawan jini, suga, da ƙashi mai saurin karyewa. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Tramol kuma, wanda matasa ke sha don su jure aikin gona, yana kama mutum, yana kawo farfaɗiya, kuma ƙa'idojin 2023 ɗin nan sun ce kada a yi amfani da danginsa ga ciwon baya mai daɗewa. Allura ba ta fi ƙwaya warkarwa ba.

Mataki na 8: Ɗumi, tausa da na gargajiya

Tawul da ruwan ɗumi ko robar ruwan zafi a naɗe cikin zane, minti 15 zuwa 20, yana sassauta tsoka, musamman da hunturu. Mai ciwon suga ko wanda fatarsa ba ta ji sosai ya gwada zafin da hannu tukuna. Tausa mai laushi tana taimakawa na ɗan lokaci.

Aliero ta yi suna wajen ɗori, kuma daga nesa ake zuwa. Amma ciwon baya mai daɗewa ba karaya ba ne, babu ƙashin da ya goce da za a mayar. Kada ka bari kowa ya taka maka baya ko ya danna da ƙarfi kafin ka wuce mataki na 1 da na 3, domin ƙashin da tarin fuka ko tsufa ya ci yana iya rushewa ya taɓa laka. In za ka yi ƙaho, ka ga an buɗe sabuwar reza a gabanka saboda ciwon hanta da ƙanjamau. Jiƙe-jiƙen basir da na sanyi masu sa gudawa suna zubar da ruwan jiki, kuma haɗa su da diclofenac nauyi biyu ne a kan ƙoda.

Mataki na 9: Barci da damuwa

Rashin barci da yawan tunani suna ƙara wa jijiyoyi saurin jin ciwo. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Kwanta a gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da filo ƙarƙashinsu. Katifar da ta lotsa a tsakiya a sauke ta ƙasa ko a sa katako a ƙarƙashi. Ba dole sai ka sayi mai tsada ba. In baƙin ciki ko fargaba sun hana ka ci da barci na makonni, faɗa wa likita, yana cikin maganin bayan. Mai shan taba ya nemi hanyar bari.

Mataki na 10: Ranar da ya motsa, da bita bayan wata 3

Zai motsa, ko kana yin komai daidai. In ya faru, sake duba alamun mataki na 1. In babu, rage tafiya da motsa jiki zuwa rabi, yi ɗumi, sha magani na kwana 2 ko 3 in ya halatta gare ka, sannan ka hau a hankali zuwa inda kake.

Bayan mako 12 buɗe shafin farko na littafinka. In biyu daga abubuwa ukun nan sun dawo, ci gaba da tafiya da tabarma ko da ciwon bai tafi duka ba. In babu canji, ko ciwon ƙafa ya fi na baya tsanani, koma wurin likita da littafin. A nan ne maganar MRI ke da wuri, da takardar turawa zuwa likitocin laka a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tiyata ta 'yan kaɗan ce, galibi masu jijiyar da aka danne, kuma ta fi magance ciwon ƙafa a kan na bayan kansa. In an kawo maganarta, tambayi likitan abu uku kafin ka sayar da komai: wane ciwo ne za ta rage, me zai faru in ka jira wata 3, kuma bayan an yi yaushe za ka koma gona.